Ƙasa, ruwa ko iska: da me tsiro yake gina jikinsa?

Ƙwayar iri da ba ta kai girman farce ba takan zama bishiyar da ƙarti ashirin ba za su iya ɗaga gungumenta ba. Daga ina duk wannan nauyi ya fito? Yawancin mutane za su ce daga ƙasa: saiwa ta nutsa, ta tsotso abinci, tsiro ya girma. Amsar tana kama da gaskiya, domin kowa ya ga yadda shuka ke bunƙasa a ƙasa mai ƙarfi, da yadda take tsumburewa a wadda ta gaji. Amma da haka ne, da kowace babbar bishiya tana tsaye cikin rami mai girman jikinta.

Tambayar ba ta 'yan makaranta kaɗai ba ce. Manyan muhawarori biyu da ake ta yi a kafafen yaɗa labarai a kanta suka tsaya. Ta farko ita ce ta takin zamani da na gargajiya, wadda ta ƙara zafi tun 2021 da gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani a tashi ɗaya. Ta biyu kuma ta taso daga batun sauyin yanayi, inda wasu ke cewa iskar kabon dayoksaid da ake ta kuka da ita ai abincin tsirrai ce, ƙaruwarta alheri ne. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya yana kaɗawa. Ba za a gane inda kowa ya dace da inda ya kauce ba sai an san abin da tsiro ke ɗauka, da inda yake ɗaukarsa, da kuma yawansa.

Tukunyar da ta rusa tsohuwar fahimta

Tun zamanin Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, masana sun ɗauka ƙasa ce ke ciyar da tsiro. Wanda ya fara ɗora maganar a kan ma'auni shi ne wani likita a yankin da yanzu yake cikin Beljiyam, Jan Baptist van Helmont. Ya busar da ƙasa a tanda, ya auna kimanin kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa reshen bishiyar wilo mai nauyin kilo 2 da 'yan kai. Ya rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga, bai ba itacen komai ba sai ruwa. Bayan shekara 5 itacen ya kai kusan kilo 77. Da ya sake busar da ƙasar ya auna, abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa.

Van Helmont ya yanke hukuncin cewa ruwa ne ya rikiɗa ya zama itace. Ya yi daidai da ya wanke ƙasa, amma ya tsallake babban mai hannu a al'amarin. Abin mamaki, shi ne kuma ya fara bayyana cewa akwai wata iska ta daban da ke fita idan aka ƙona gawayi, wadda ita ce kabon dayoksaid. Amsar tana hannunsa na hagu, tambayar tana na dama, bai haɗa su ba.

Yau an san lissafin. Ɗanyen ganye kusan duk ruwa ne, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ko fiye. Idan aka busar da tsiro ƙarau, kimanin kashi 45 na abin da ya rage kabon ne, wato sinadarin da ke cikin gawayi, wani kashi 45 oksijin, kashi 6 haidirojin. Waɗannan ukun daga iska da ruwa suke. Abin da ya fito daga ƙasa bai wuce kashi 4 zuwa 5 ba. Kowa na iya ganin haka ba tare da ɗakin gwaji ba: a ƙona tulin itace, a dubi ɗan tokar da ta rage. Tokar nan ita ce yawancin rabon ƙasa. Sauran ya koma iska, inda ya fito.

Yadda ganye ke mayar da iska itace

An shafe fiye da ƙarni ɗaya da rabi kafin a harhaɗa labarin. A 1771 Joseph Priestley a Ingila ya ga cewa reshen na'a-na'a yana gyara iskar da kyandir ya lalata a cikin rufaffen gilashi, har kyandir ya sake kamawa. A 1779 Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan, ya nuna cewa hakan ba ya faruwa sai da haske, kuma sassan tsiro masu launin kore ne kaɗai ke yi. Jean Senebier na birnin Janeba ya gano cewa kabon dayoksaid ce ganye ke sha, sannan a 1804 Nicolas-Théodore de Saussure ya yi awo ya tabbatar da cewa nauyin da tsiro ke ƙarawa ya fi na kabon ɗin da ya sha, wato ruwa ma yana shiga cikin ginin.

Aikin da ake kira fotosintesis yana da hawa biyu. A hawa na farko, koren sinadarin ganye, kulorofil, yana kama hasken rana, a yi amfani da ƙarfinsa a tsaga ruwa. Oksijin ɗin ruwan ya fice, shi ne muke shaƙa. An daɗe ana zaton daga kabon dayoksaid yake fitowa, sai a 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa daga ruwa ne. A hawa na biyu, ganye ya ɗauki haidirojin da ƙarfin da ya tara, ya ɗaura su a kan kabon, sukari ya samu. Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham ne suka bi sawun wannan hawa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Calvin ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda shi.

A lura, hasken rana ba ya zama jikin tsiro. Ƙarfin aiki kawai yake bayarwa. Kayan ginin kabon ne da ruwa. Daga sukarin nan tsiro yake ƙera komai: ya jera shi ya zama zaren da ke ƙarfafa kara da itace, ya adana shi a matsayin sitaci a ƙwaya ko a saiwa, ya juya shi ya zama mai, ya haɗa shi da naitirojin ya zama furotin.

Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne ƙarancin kabon ɗin a iska. A cikin kowane ƙwayoyin iska miliyan ɗaya, kimanin 420 ne kawai kabon dayoksaid. Kilo ɗaya na busasshen itace yana buƙatar fiye da kilo ɗaya da rabi na wannan iska, wanda in aka lissafa, sai ganye ya tace duk kabon ɗin da ke cikin fiye da kubik mita 2,000 na iska. Shi ya sa ganye yake da faɗi da sirantaka, shi ya sa kuma bishiya ke yin su dubbai.

Tsiro yana kuma numfashi dare da rana, yana ƙona wani kaso mai yawa na sukarinsa, kusan rabi, don ya sami ƙarfin rayuwa. Da rana fotosintesis ya rinjayi numfashin, da dare numfashin ne kaɗai. Daga nan tsoron kwana da fure a ɗaki ya samo asali, amma oksijin da tukunyar fure ke sha a dare ba komai ba ne a kan na mutum guda da ke kwance a ɗakin.

Ruwa: gaba kura, baya sayaki

Kabon yana shiga ganye ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani, yawanci a bayan ganyen, ɗari ko fiye a kowace murabba'in milimita. Tsiro na iya buɗe su, yana iya rufewa. Matsalar ita ce cikin ganye a jiƙe yake, iskar waje kuma ta fi bushewa. Da zarar kafa ta buɗe don kabon ya shiga, ruwa ya kama hanyar fita. A yawancin tsirrai, kafin ƙwayar kabon dayoksaid ɗaya ta shiga, ƙwayoyin ruwa ɗari huɗu ko makamancin haka sun tsere. Fiye da kashi 95 na ruwan da saiwa ta sha ta haka yake ƙarewa. Ɗan abin da ya rage ne ke zama a jiki.

Wannan ba asara ce zalla ba. Tururin yana sanyaya ganye, kuma shi ne ke jawo ruwa daga ƙasa zuwa sama. Famfon tsotso ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, amma akwai bishiyoyi a gaɓar Kalifoniya da suka wuce mita 110, kuma ruwa na kaiwa ƙololuwarsu. Henry Dixon da John Joly na Dublin ne suka yi bayanin a 1894: ƙwayoyin ruwa suna manne da juna a cikin siraran bututan itace, saboda haka idan ɗaya ta fita ta ganye, sai ta ja ta bayanta, jan ya bi har saiwa. Tsiro ba shi da zuciya mai bugawa. Rana ce ke jan ruwan, sinadaran ƙasa kuma a cikinsa suke hawa.

Idan ƙasa ta bushe, tsiro ya rufe kafofinsa don ya tsira da ruwan jikinsa. Rufewar kuma ta tare kabon. Don haka shukar da fari ya kama ba ƙishirwa kaɗai take ji ba, har da yunwa. Zuba mata taki a wannan hali ba ya ƙara komai, yana ma iya ƙona ta, domin gishirin takin yana janye ruwa daga saiwa.

Akwai bututu na biyu a ƙarƙashin ɓawo, wanda ke kai sukari daga ganye zuwa saiwa da fure da 'ya'ya. Idan aka ɗaye ɓawon bishiya aka zagaye gangar jikinta, za ta ci gaba da zama kore na wani lokaci tunda ruwa yana hawa, amma daga baya ta mutu, saboda an yanke wa saiwa abinci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna waye ke ciyar da wani: ganye ne ke ciyar da saiwa.

Wasu tsirrai sun sami dabarar rage asarar ruwa. Sinadarin da ke kama kabon a ganye, mai suna rubisko, yana da rauni guda: yakan kama oksijin bisa kuskure, kuma kuskuren yana ƙaruwa da zafi. Masara da dawa da gero da rake suna tara kabon a wani sashe na cikin ganye kafin su miƙa wa rubisko, sai kuskuren ya ragu, su kuma riƙa buɗe kafofinsu kaɗan. Hal Hatch da Roger Slack suka fayyace wannan hanya a Ostiraliya a 1966, a kan rake. Alkama da shinkafa da wake da yawancin bishiyoyi ba su da ita. Abarba da kaktus kuwa da dare suke buɗe kafofinsu, su adana kabon, su yi aiki da shi da rana a rufe.

To, mene ne aikin ƙasa?

Kada wani ya ji kashi 4 ko 5 ya raina. Har farkon ƙarni na 19 ana ganin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi tsiro yake ci kai tsaye. Carl Sprengel a 1828 da Justus von Liebig a 1840, dukansu Jamusawa, suka nuna cewa sinadarai ne narkakku saiwa ke sha. Wajen 1860 Julius von Sachs da Wilhelm Knop suka raini tsirrai har suka girma a cikin ruwa da aka narka wa gishirin sinadarai, ba ƙasa ko ƙwaya. Noman da ake yi yau ba tare da ƙasa ba daga nan ya faro.

Sinadarai 17 aka amince tsiro ba ya kammala rayuwarsa sai da su. Uku daga iska da ruwa, 14 daga ƙasa. Waɗanda ake buƙata da ɗan yawa su ne naitirojin, fosforas da fotasiyam, wato haruffan NPK da ke jikin buhun taki, sai kalsiyam, maganiziyam da salfa. Naitirojin yana cikin kowane furotin da kuma kulorofil. Fosforas yana cikin ƙwayoyin gado da kuma sinadarin da ke ɗaukar ƙarfi a cikin tsiro. Fotasiyam ba ya shiga gini, amma shi ke buɗe kafofin ganye da rufe su. A tsakiyar kowace ƙwayar kulorofil akwai maganiziyam guda. Sauran takwas, irin su ƙarfe da zinki da boron da molibdenam, ɗan mitsitsi ake so. Molibdenam bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na busasshen tsiro ba, amma in babu shi tsiro ba zai iya sarrafa naitirojin da ya sha ba.

Daga nan dokar da aka fi jingina wa Liebig ta fito, ko da yake Sprengel ya riga shi: abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girma. Malaman noma kan kwatanta ta da gangar katako da aka harhaɗa da allunan da tsawonsu ya bambanta. Duk yawan ruwan da aka zuba, a bakin allon da ya fi gajarta zai tsaya. Ƙara wa dogayen alluna tsawo ba ya ƙara ko cokali. Allon nan na iya zama fosforas, yana iya zama ruwa, ko haske, ko zinki.

Kuma kasancewar sinadari a ƙasa ba ya nufin saiwa za ta same shi. Dole ya narke a ruwan ƙasa. A ƙasa mai tsami sosai, ƙarfe da alminiyam suna ɗaure fosforas. A wadda ta cika alli kuma kalsiyam ne ke ɗaure shi, ƙarfe da zinki ma su ƙi narkewa. Yawancin amfanin gona sun fi son ma'aunin tsamin ƙasa (pH) tsakanin 6 da 7, wato ƙasar da ba ta cika tsami ko alli ba. Yumɓu da ruɓaɓɓen abu suna riƙe sinadarai, yashi kuwa sakinsu yake yi ruwan sama ya tafi da su. Sannan saiwa ba soso ba ce. Da siraran gashinta take zaɓar abin da take so, tana kashe ƙarfi wajen jawo shi ciki, ƙarfin kuma sai da numfashi. Shi ya sa tsiron da ruwa ya kwanta a gindinsa yake yanƙwanewa alhali yana cikin ruwa: saiwar ta shaƙe. Shinkafa ta tsira ne saboda tana da hanyoyin iska a cikin kara zuwa saiwa.

Naitirojin: ga shi a sama, babu shi a ƙasa

Kashi 78 na iskar da ke kewaye da kowane ganye naitirojin ne, amma shi ne sinadarin da gonaki suka fi rasawa. Ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, a ɗaure tam, babu tsiron da ke iya raba su. Walƙiya takan raba kaɗan. Babban aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke yi.

Manoma a sassan duniya sun san tun dubban shekaru cewa dangin wake suna gyara gona, ba tare da sanin dalili ba. A 1886 Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth a Jamus suka nuna cewa sirrin yana cikin ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, a 1888 kuma Martinus Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar da ke ciki. Tsiro ya ba ta masauki da sukari, ita ta ba shi naitirojin. Idan aka tsaga ƙullin da ke aiki, cikinsa ja-ja ne. Sai dai a nan ma akan zuzuta: yawancin naitirojin ɗin yana tafiya cikin ƙwayar wake ko gyaɗa da aka girbe. In aka kwashe har da ganye da kara, abin da ya rage wa gona kaɗan ne.

A 1909 Fritz Haber ya yi nasarar haɗa naitirojin na iska da haidirojin ya samar da amoniya, Carl Bosch ya mayar da abin na masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau a Jamus a 1913. Aikin yana buƙatar zafi sama da digiri 400 da matsi mai tsanani, haidirojin ɗin kuma yawanci daga iskar gas ake samo shi. Yana cin kashi 1 zuwa 2 na makamashin duniya, kuma ƙiyasin masana shi ne kusan rabin mutanen duniya da amfanin gonar da ya dogara da shi suke rayuwa. Fosforas da fotasiyam kuwa haƙo su ake yi. Maroko ce ke da kimanin kashi 70 na duwatsun fosforas da aka sani, Kanada da Rasha da Belarus kuma su ne manyan masu fotasiyam. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya taɓa manoman da ba su taɓa jin sunan garuruwan da ake faɗan ba.

Abokan hulɗa da 'yan fashi

Fiye da kashi 80 na nau'o'in tsirrai ba su kaɗai suke nema ba. Akwai dangin naman gwari da ke shiga saiwa, su miƙa zaruruwa da suka fi gashin saiwa sirantaka zuwa inda ita ba ta kaiwa, su kawo fosforas da ruwa. Tsiro yana biyansu da sukari, wani lokaci har kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya samar. Albert Frank ne ya bayyana wannan hulɗa a 1885.

Tsiron da ke ƙarancin fosforas yana fitar da wani sinadari ta saiwa don ya kira waɗannan abokai, kamar yadda masu bincike a Japan suka nuna a 2005. Wuta-wuta ma wannan kira take jira. Irinta na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, da ya ji sinadarin sai ya tsiro, ya maƙale a saiwar dawa ko masara ko gero, ya fara tsotsa tun kafin ya fito fili. Wannan na daga dalilan da ya sa ta fi addabar gonar da ta gaji: shuka mai yunwa ta fi ɗaga murya. Kauci yana da koren ganyensa, ruwa da sinadarai yake sata daga reshen da ya hau. Tsirrai masu kama ƙwari, waɗanda Charles Darwin ya yi littafi a kansu a 1875, su ma da hasken rana suke yin sukarinsu. Naitirojin da fosforas suke nema a jikin ƙwaro, saboda fadamun da suke zaune ba su da su.

Takin zamani ko na gargajiya?

Masu goyon bayan takin zamani suna da hujja mai ƙarfi. Saiwa ba ta san daga ina naitirojin ya fito ba. Ko daga buhu ko daga garke, a siffa ɗaya take shansa. Na garken sai ƙwayoyin ƙasa, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, sun ruɓar da shi tukuna. Ga kuma batun yawa: yuriya kashi 46 naitirojin ce, busasshen kashin shanu kuwa kashi 1 zuwa 2. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana daidai da fiye da tan guda. Dabba kuma ba ta ƙirƙirar sinadari, kwaso shi take yi daga inda ta yi kiwo ta kawo inda ta yi kashi.

Ɗaya ɓangaren ma ba surutu yake yi ba. Takin gargajiya yana ƙara wa ƙasa laushi, ya sa ta riƙe ruwa da sinadarai, ya ciyar da ƙwayoyin da ke cikinta, ya kawo ƙananan sinadaran da NPK ba shi da su. Yawan zuba takin amoniya shekara da shekaru yana tsamama ƙasa. A duniya baki ɗaya, kusan rabin naitirojin da ake zubawa ba ya shiga amfanin gona. Wani ya tashi iska, wani ya bi ruwa. Inda kogin Mississippi ke shiga Tekun Meziko, kowace bazara akan sami faffaɗan yanki da oksijin ya ƙare a ƙasan ruwa saboda takin da ya gangaro daga gonaki.

Shaida mafi daɗewa tana Rothamsted a Ingila, inda John Lawes da Henry Gilbert suka fara noman alkama a fili ɗaya a 1843, ana kuma ci gaba har yau. Yankin da ba a taɓa sa wa taki ba yana ba da kimanin tan 1 a hekta. Wanda ake sa wa takin zamani da wanda ake sa wa na dabbobi, tan 35 a hekta kowace shekara, duka suna ninka wannan sau da yawa. Ƙasar da ke samun na dabbobi ta fi tara kabon nesa ba kusa ba, amfani mafi yawa kuma yakan fito inda aka haɗa biyun. Siri Lanka ta gwada zaɓar ɗaya da doka a Afrilun 2021. Shinkafa da ganyen shayi suka ja baya, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta janye. A ganina laifin ba na takin gargajiya ba ne. An cire tushen naitirojin na ƙasa guda ba tare da an lissafa tan nawa za a maye gurbinsa da shi ba, ko daga ina.

Ƙaruwar kabon a iska alheri ce ga tsirrai?

Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid yana wajen 280 cikin miliyan. Da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya kai kimanin 315, yanzu ya haura 420. Gaskiya ne masu noma a ɗakunan gilashi suna ƙara shi da gangan don amfani ya ƙaru, gaskiya ne kuma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna ganye ya ƙaru a sassa da dama na duniya. Amma a ɗakin gilashi an riga an wadata ruwa da taki, an daidaita zafi, kabon ne kaɗai ya rage. A fili ba haka abin yake ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a buɗaɗɗun gonaki, inda ake fesa kabon a kan shuka, sun nuna alkama da shinkafa da waken soya suna ƙaruwa, musamman in akwai isasshen naitirojin. Masara da dawa ba sa ƙaruwa sosai sai a lokacin fari, tunda dama suna tara kabon da kansu. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2014 ya gano cewa alkama da shinkafar da aka noma a irin wannan iska suna da ƙarancin zinki da ƙarfe da furotin: sitaci ya ƙaru, sauran ba su bi shi ba. Kuma kabon ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da zafi, zafi yana ƙara kuskuren rubisko, yana ƙara fitar ruwa, in ya wuce digiri 35 lokacin fure yana lalata garin furen masara. Ciyawa ma tana shan kabon ɗin nan.

Abin da ya shafi mai gona da mai tukunyar fure

Ganye yakan faɗi abin da ya rasa. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka fara yin ɗorawa, sau da yawa naitirojin ne, domin tsiro yana kwashe shi daga tsoho ya kai wa sabo. Idan sababbin ganye ne suka koɗe jijiyoyinsu suka tsaya kore, a tuhumi ƙarfe, wanda ba ya motsawa daga inda ya zauna. Ƙonewar gefen tsohon ganye na nuna fotasiyam, launin shuni-shuni a ƙaramar masara kuma fosforas. Sai dai cuta da kwanciyar ruwa suna kwaikwayon waɗannan alamu, don haka gwajin ƙasa ya fi ido. Furen cikin gida kuwa yawanci yawan ban ruwa da ƙarancin haske ke kashe shi, ba rashin taki ba.

Yuriyar da aka watsa a bar ta a saman ƙasa cikin zafi, wani kasonta yana tashi iska a matsayin amoniya. Binne ta a ƙasa mai danshi, da raba ta kashi biyu ko uku daidai lokacin da shuka ke saurin girma, yana rage asarar. Ƙona karan gona yana barin fotasiyam da kalsiyam a toka, amma kusan duk naitirojin da yawancin salfa suna bin hayaƙi, tare da kabon da zai ciyar da ƙwayoyin ƙasa.

Kowane tan na ƙwayar masara da ya bar gona yana tafiya da kimanin kilo 15 na naitirojin da kusan kilo 3 na fosforas. Fotasiyam kuwa yawancinsa a kara da ganye yake zama, saboda haka gonar da ake kwashe wa kara kowace shekara tana rasa shi da sauri fiye da wadda ake cire wa ƙwaya kawai.